Motoci biyu da adireshin IP ɗaya, kuma arping bai kama ba

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum. Masu ilimin netwok ku kawo min ɗauki, abin nan ya fara cin raina.

Ina da ɗan teburin gyara a Computer Village, nan Ikeja. Wani Alhaji mai motocin dakon kayan gwari ya ba ni aiki. Motocinsa 14 ne, ƙananan bas da akori-kura, suna kwasar tumatir da attaruhu da albasa daga Mile 12 su rarraba wa masu sari. Yana so kowace mota ta riƙa rubuta kwando nawa ta ɗauka da wanda aka sauke wa, ba tare da ya riƙa saya wa kowane direba data ba. Sai na sa ɗan akwati mai ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi a ƙarƙashin kujerar yaron mota, da ɗan allon da zai riƙa danna lissafi. Wi-Fi yana yanayin ad hoc, wato na'urorin na magana da juna kai tsaye, manhajar olsrd ke nemo hanyar da saƙo zai bi daga mota zuwa mota. Duk inda motoci suka kusanci juna, ko a wajen lodi ko a gosulon Ketu, sai su yi musayar abin da ke cikinsu, har lissafin ya isa kwamfutar da ke rumfar Alhaji a kasuwa.

Tunda babu wata saba (server) a tsakiya da za ta raba adireshi, na rubuta ɗan umarni: kwamfutar rumfa ita ce 10.12.0.1, kowace mota kuma idan ta tashi sai ta zaɓi lamba tsakanin 2 da 254 ba tsari, ta tambaya da umarnin `arping -D` sau uku ko wani na riƙe da lambar. In ba wanda ya ce tasa ce, ta ɗauka.

Motoci 8 suna kwana a Mile 12, 6 a wani gareji a Agege. Yawancin ranaku lafiya lau. Amma kamar sau ɗaya a mako, da motocin Agege sun iso kasuwa da hantsi sai abu ya rikice. Lissafin wata mota ya ƙi shigowa, ko ya shigo rabi. Ranar da na zauna a rumfar ina kallo, na ga 10.12.0.37 tana tsalle ɗaya daga gare ni, wato ba wata na'ura a tsakaninmu, bayan 'yan daƙiƙu ta koma tsalle uku, ta sake dawowa. Na shiga na'urar daga nesa ta SSH ya karɓe ni, na fita na sake shiga sai ya cika min allo da gargaɗin cewa makullin na'urar ya canza. Da na zagaya na duba, bas ɗin da ke lodin albasa a gabanmu 37 ce, akori-kurar da ta zo daga Agege tana can bakin titi ita ma 37 ce.

Tambayata: me ya hana arping kamawa, alhali aikinsa ke nan? Kuma akwai hanyar da na'urorin za su gano karon da kansu? Ba zan iya rufe tebur kullum in bi motar tumatir ba.

Baba Injiniya, Apapa:

Wa alaikumus salam. Yaro, arping bai yi maka laifi ba. Tambayar ARP da arping ke aikawa ba ta wuce inda rediyon na'urar ya kai, kuma babu wanda ke ɗaukarta ya miƙa gaba. Motar da ke garejin Agege da asuba ta tambayi 'yan uwanta biyar da ke gefenta, suka yi shiru, ta ɗauka. Ina za ta ji ta Mile 12? Ko a cikin kasuwar ma, in motoci uku sun jeru kuma ta farko ba ta jin ta uku sai ta bakin ta tsakiya, arping ba zai gani ba.

Ka sayi alƙalamin maka (marker), ka rubuta lamba a bayan kowane akwati, 11, 12, 13, har ka gama. Ka sa lambar a fayil. Motoci 14 na mutum ɗaya ba sa bukatar dabara.

Ɗan Agege:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Da 14 ɗin za su tsaya a haka da tuni na yi. Lokacin da tumatir ya yi yawa Alhaji yana ɗauko motocin haya, wata ta yi kwana uku ta tafi. Akwai wani yaro a garejin Agege da ke harhaɗa sababbin akwatuna, ni kuma ina yin na wannan ɓangaren. Abin da aka ce min shi ne a kwafi kati, a soka, mota ta tafi. In na ce sai an kira ni an karɓi lamba, ranar da ban ɗaga waya ba, sai kawai a ƙirƙiro wata.

Malamar Yaba:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Abin da ya same ka tsohuwar matsala ce da masu binciken MANET, wato netwok ɗin ad hoc na na'urori masu yawo irin naka, suka sha fama da ita tun farkon shekarun 2000, kuma tsarinka ya zama kamar misalin da ake ba ɗalibai a aji: netwok ya rabu biyu, kowane ɓangare ya raba adireshi shi kaɗai, sannan suka haɗe.

Fara da lissafi don ka ga ba tsautsayi ba ne. Lambobi 253 gare ka. A ce motocin Mile 12 sun riƙe 8 ba karo a tsakaninsu, na Agege su 6 sun zaɓi nasu ba su san na can ba. Yiwuwar aƙalla ɗaya ta faɗa kan lambar da aka riga aka riƙe kusan kashi 18 cikin 100 ne. Wato safiya ɗaya cikin shida. Ka ce kamar sau ɗaya a mako, ai ka ga an zo wurin.

Abin da `arping -D` ke yi shi ne abin da kundin ƙa'idar intanet RFC 5227 na 2008 ya tsara wa IPv4, tsarin adireshin da kake amfani da shi: tambaya uku, a saurara, sannan a sanar. Sabon tsarin adireshi IPv6 ma yana da nasa a RFC 4862, tambaya ɗaya ce ma a can, a jira daƙiƙa ɗaya. Dukansu an gina su ne a kan zaton cewa duk na'urorin suna kan layi ɗaya, kowa na jin kowa. A ad hoc wannan zaton ya rushe, kamar yadda Baba ya faɗa.

Ɗaya daga cikin gyare-gyaren farko da aka kawo shi ne na Charles Perkins da abokan aikinsa, a wani daftari da suka miƙa wa IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, a 2001: maimakon tambayar ta tsaya a maƙwabta, a watsa ta ko'ina, kowace na'ura ta maimaita. Sabuwar na'ura ta ari adireshin wucin gadi, ta watsa tambayar, ta jira wani lokaci, in ba amsa ta ɗauka. Wannan ya magance motoci uku da suka jeru. Bai magance Agege da Mile 12 ba, don tambayar ba ta da gadar da za ta bi.

A 2002 Nitin Vaidya ya nuna dalili a takardarsa ta taron MobiHoc. Duk hanyar da ta dogara da "ka jira, in ka ji shiru to babu kowa" tana bukatar a san iyakar lokacin da saƙo zai ɗauka kafin ya isa. A netwok mai rabuwa babu wannan iyaka. Shirun na iya nufin babu mai lambar, yana iya nufin mai lambar yana maƙale a Ojota. Ƙara wa'adin jira daga daƙiƙa 3 zuwa 30 ba zai canza komai ba.

Sai ya ce a sassauta buri, shi ake kira DAD mai rauni (DAD shi ne binciken gano karon adireshi). A bar karon ya faru in ya so, amma kada saƙon wani ya je hannun wani. Kowace na'ura ta riƙe wani dogon makulli nata ita kaɗai, ko daga MAC, wato lambar da na'urar Wi-Fi ke zuwa da ita daga kamfani, ko na ƙuri'a, kuma duk inda saƙon neman hanya ya ambaci adireshi sai ya ambaci makullin tare da shi. Ka san yadda ake shafa wa kwanduna alama da fenti a kasuwarku. In dillalai biyu duk sun rubuta harafi ɗaya, ɗan dako zai kai kayan wannan rumfar wancan, amma in kowa ya ƙara tasa shaidar a gefen harafin, da an ajiye kwandunan kusa za a ga na mutum biyu ne. Haka na'urar tsakiya, da ta ga 37 da makulli kaza, ta sake ganin 37 da wani makullin, ta san su biyu ne. Tsadarsa ita ce sai an canza fasalin saƙonnin OLSR, ƙa'idar neman hanya da olsrd ke bi, kuma kowane saƙo ya ƙara nauyi.

Wanda nake ganin ya fi kusa da bukatarka shi ne na Kilian Weniger na Jami'ar Karlsruhe a Jamus. Ya fito da PDAD, wato gano karo ta hanyar saurare, a 2003, ya faɗaɗa shi ya zama PACMAN a 2005. Shi ba ya aika komai sabo, saurare kawai yake. Hujjarsa ita ce akwai abubuwan da ba za su taɓa faruwa a saƙonnin neman hanya ba in kowa da adireshinsa, to in sun faru an kama.

A OLSR, kamar yadda RFC 3626 ya tsara, kowace na'ura tana aika HELLO duk daƙiƙa 2 ga maƙwabta kawai, waɗanda aka zaɓa a matsayin MPR, wato masu miƙa saƙo gaba, kuma suna watsa TC, saƙon bayanin wa ke haɗe da wa, duk daƙiƙa 5 zuwa ko'ina. Kowane saƙo yana ɗauke da adireshin mai shi da lambar jeri da ke ƙaruwa ɗaya-ɗaya. A ce bas ɗinka ta kai lamba 900, sai ga saƙo ya iso mata ɗauke da adireshinta da lamba 4,200. Ba ta taɓa aika wannan ba, ba yadda za a yi ya zama nata ne ya dawo. Akwai wata 37 ke nan.

Abin takaicin shi ne ƙa'idar OLSR ta ce duk saƙon da ya zo maka da adireshinka a matsayin mai shi, ka yar da shi ba tare da ka duba ba, don an ɗauka muryarka ce ta zagayo. Shi ya sa motocin biyu za su wuni a kasuwa ɗaya ba wadda ta san da ɗaya. Sauran na'urorin kuma su ke shan wahala. TC yana da wata lambar ta daban, ANSN, kuma in an riƙe bayanin mai babbar lamba, duk TC mai ƙarama daga wannan adireshin watsi ake da shi a matsayin tsohon labari. Mai ƙaramar lamba sai ta zama kamar ba ta magana, har sai wa'adin bayanin ɗayar ya ƙare, daƙiƙa 15. Ga HELLO kuma yana ta cewa 37 na nan kusa. Tsallen da ka gani daga ɗaya zuwa uku, daga irin wannan ja-in-jar yake fitowa.

Sarkin Kebul, Idi-Araba:

Malama ta gama magana, Allah ya saka. Ni dai ta gefen aiki zan zo. Oga, me ya sa ka matse kanka a lambobi 253? Netwok ɗin nan ba ya taɓa intanet, 10.0.0.0/8 gaba ɗaya naka ne, adireshi 16,777,216. Motoci 14 su zaɓa da ƙuri'a a wannan fili, yiwuwar karo kusan 1 cikin 184,000 ne. Kuma ka daina sake zaɓe duk safiya. A zaɓa sau ɗaya ranar da aka fara kunna akwati, a rubuta a kati. Yanzu kullum sake jefa ƙuri'ar kake, dole wata rana ta faɗo maka.

In kana so ma ka huta, ɗauki baiti uku na ƙarshen MAC ka jera bayan 10. Rabin farko na MAC na kamfani ne, rabin ƙarshe ke bambanta na'ura da na'ura.

Ni da nawa ne IPv6 zan koma. Ka ƙirƙiri ULA naka, wato filin adireshi na cikin gida, a ƙarƙashin fd00::/8, kowace na'ura ta samu bit 64 na kanta, ka sa manhajar neman hanya babeld a madadin olsrd. A bit 64 maganar karon ƙuri'a ta mutu.

Amma ka ce kwafar kati ake yi, nan ne nake jin tsoro. Duk abin da aka rubuta a katin asali, kwafi ya gada: /etc/machine-id, makullan SSH, da adireshin da ka ajiye in ka bi shawarata. Dole umarninka ya duba lambar siriyal ɗin allon a /proc/cpuinfo, in ta bambanta da wadda ke kati ya san an kai shi sabon gida, ya share ya sake. Sannan in kana amfani da 'yan sandunan Wi-Fi na USB masu arha, ka duba MAC ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa buɗe kwali na samu guda biyu da MAC iri ɗaya sak.

Wani zai ce maka ka koma batman-adv, wani tsarin neman hanya da ke cikin Linux tun 2.6.38 a 2011. Gaskiya ne shi yana mayar da duk motocin da ke haɗe kamar suna kan suwic ɗaya, arping zai ratsa har ƙarshe. Amma Agege da asuba tana nan a Agege.

Ɗan Agege:

Kai, Allah ya saka muku da alheri. Malama, na kunna tcpdump, manhajar kallon saƙonnin netwok, a kan tashar 698 ta OLSR a kwamfutar rumfa, na tilasta wa akwatuna biyu lamba ɗaya don gwaji. Na gani da idona: saƙonni daga adireshi ɗaya, wannan lambarsa ɗari da wani abu, na bayansa dubu biyu da wani abu, sai a sake komawa ɗari. Kamar mutum biyu na karɓe-karɓen magana.

Sarkin Kebul, na duba MAC duka, ba wanda ya yi karo, kuma umarnin farko yana sake makullan SSH, shi ya sa ma SSH ya yi min ihu. Faɗaɗa fili zan yi yau da dare. IPv6 sai a hankali, manhajar lissafin da aka rubuta mana IPv4 kaɗai ta sani.

Saura abu biyu. In sun gano juna, wa zai sauka wa wani? Kuma direbobin nan da sun tsaya sai su kashe mota, akwatin ya mutu ya sake tashi, lambar jeri ta soma daga wani wurin. Wannan ba zai sa na'ura ta zargi kanta ba?

Malamar Yaba:

Zai sa, kuma nan ne mafi yawan masu gwada hanyar saurare suke tuntuɓe. Mota ta aika saƙo mai lamba 4,200, direba ya kashe ya kunna, ta tashi da ƙaramar lamba, tsohon saƙonta bai gama yawo ba ya dawo mata, sai ta ce ga ɓarawon adireshi. Maganinsa kada ta yanke hukunci da zarar ta tashi. OLSR yana tuna saƙon da ya gani na daƙiƙa 30, to ka ba ta minti ɗaya tana saurare kawai. Kada kuma saƙo ɗaya ya isa hujja, sai ta ga abin ya maimaitu. Na biyu, lambar bit 16 ce, in ta kai 65,535 sifili take komawa, don haka kwatancen "wannan ta fi waccan" ba na kai tsaye ba ne. RFC ɗin ya ba da yadda ake yi, ka kwafa daga can.

Akwai wani ramin da ban ambata ba. Na'urar da ba wanda ya zaɓe ta MPR ba lallai ta aika TC ba, HELLO kawai take yi, shi kuma ba ya wuce maƙwabta. Motoci biyu masu lamba ɗaya, kowace a gefen netwok, za su iya zama ba wadda saƙonta ya kai ga ɗaya. Shi ya sa PACMAN bai tsaya a dabara ɗaya ba, ya haɗa da yawa, har da duba jerin maƙwabtan da wasu ke ambata: in wani ya ce ni maƙwabcinsa ne alhali ban taɓa jin sa ba, to da wani mai sunana yake zaune.

Kai ba ka bukatar duk wannan. Tunda manhajarka tana musayar bayanai in motoci sun haɗu, ka ari tunanin Vaidya ka sa shi a can sama. Kowane akwati ya riƙa faɗin adireshinsa da siriyal ɗinsa a farkon kowace musaya, kowa kuma ya riƙe jerin waɗanda ya gani kwanan nan ya miƙa gaba. Adireshi ɗaya da siriyal biyu, an kama, ba ka taɓa olsrd ba. Kuma lissafin kwanduna ya rataya a siriyal ko lambar mota, kada ya rataya a IP, don ko an yi karo kada kayan wannan su shiga littafin wancan.

Wa zai sauka? Ka sa doka da kowace za ta iya yankewa ita kaɗai ba sai sun yi shawara ba, misali mai ƙaramin siriyal ta canza. In ba haka ba ko duka biyun su canza, ko duka su tsaya. A wasu tsare-tsaren, kamar MANETconf na Nesargi da Prakash na 2002, ana son wadda ke da ƙarancin haɗin TCP ta sauka, don canza adireshi yana yanke duk haɗin da ke buɗe. A wajenka musayar ta 'yan daƙiƙu ce, in ta yanke a sake. Kwamfutar rumfa ce kawai za ka hana ta sauka ko da wa ta yi karo.

Baba Injiniya, Apapa:

To, na ji ku duka, kuma Malama ta yi gaskiya. Amma yaro, ko ka faɗaɗa fili ko ka koma IPv6, ka buga adireshin da siriyal a takarda ka manna a murfin akwatin, ka lulluɓe da salatif saboda ruwan tumatir. Ranar da wani abu ya tsaya, yaron mota ne zai karanto maka ta waya, ba tcpdump ba.

Sannan ka raba akwatin da makunnin mota. Ka ja masa waya daga batir ta fiyus, ko ka sa masa ƙaramin batir nasa da zai riƙe shi in an kashe inji. Yawan mutuwa da tashin nan ba lambar jeri kaɗai yake rikitawa ba, katin ma yana lalatawa in wuta ta yanke ana cikin rubutu. Akwati nawa yaron Agege ya riga ya haɗa da tsohon katin? Sai ka karɓo su duka ka sake musu, in ba haka ba za su ci gaba da zaɓe a cikin 253 ɗin nan.